Yadda Ake Zaɓen Gindin Aure Mai Gajarta Bishiyar Tuffa a Ƙasashe Masu Tsananin Sanyi

Kusan duk dashen tuffa da za ka saya a wurin masu raino bishiya biyu ce aka haɗa ta zama ɗaya. Sama daban, ƙasa daban. Saman shi ne irin da kake marmarin ci, ƙasan kuwa gindi ne da saiwoyinsa, wanda aka yi masa aure da reshen wancan irin. Ana yin haka ne domin ƙwayar tuffa ba ta maimaita uwarta. In ka shuka ta, wani abu daban za ta fito da shi, galibi mai tsami ko ƙanana. Mai saye yakan zuba ido a kan sunan saman, ya manta da gindin, alhali gindin ne ke yanke tsawon bishiyar, da shekarar da za ta fara haihuwa, da irin ƙasar da za ta iya zama a ciki, da kuma ko za ta kai ga fitar hunturu da rai.

Tuffar da aka yi wa aure a kan gindin da ya tsiro daga ƙwaya takan kai mita 7 zuwa 9, kuma sai ta yi shekara 6 zuwa 10 kafin ta ba da abin kirki. Wadda ke kan gindi mai gajartawa ba ta wuce mita 2 zuwa 3, tana fara 'ya'ya a shekara ta 2 ko ta 3, kana tsaye a ƙasa kana tsinka ba tsani. Amma a ƙasar sanyi akwai abin da ya kamata ka sa a ranka tun kafin ka duba kowane suna: saiwa ta fi reshe rauni nesa ba kusa ba. Rassan irin tuffa mai juriya suna iya ɗaukar digiri 35 har 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius a tsakiyar hunturu. Saiwa kuwa tana fara lalacewa idan ƙasar da take ciki ta sauka tsakanin digiri 8 da 15 ƙasa da sifili, gwargwadon irin gindin. Ga shi kuma gindi mai gajartawa saiwarsa ba ta nutsa sosai, tana nan kusa da fuskar ƙasa, daidai inda sanyi ya fi cizo. Saboda haka duk matakan da ke tafe a kan saiwa suka ginu.

Mataki na farko: ka san irin sanyin wurinka

Lamba ɗaya ba ta isa ba, amma da ita ake farawa. A Amurka hukumar noma ta raba ƙasar shiyya-shiyya bisa matsakaicin sanyi mafi tsanani na shekara, kuma masu raino a ƙasashe da dama suna amfani da wannan ma'auni. Shiyya ta 5 tana tsakanin digiri 23 da 29 ƙasa da sifili, ta 4 tsakanin 29 da 34, ta 3 tsakanin 34 da 40. Nemi taka. Sai dai ka tuna cewa matsakaici ne aka ɗauka, bishiya kuwa hunturu mafi muni a cikin shekara 20 shi ne zai gwada ta.

Bayan lambar, tambayi kanka abu uku. Na ɗaya, dusar ƙanƙara tana sauka da wuri ta kwanta har ƙarshen sanyi, ko iska na share ta ta bar ƙasa tsirara? Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a duk aikin. Dusar ƙanƙara bargo ce ga saiwa. Idan ta yi kauri santimita 20 ko 30, ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta yin nisa da sifili ko da iska na kaɗawa da digiri 30 ƙasa da sifili. Wurin da ya fi sanyi a takarda amma yake samun dusa mai kauri ya fi aminci ga gajeren gindi a kan wurin da sanyinsa bai kai haka ba amma ƙasarsa a buɗe take.

Na biyu, sanyin yakan shigo a hankali ne ko yakan faɗo kwatsam a kaka? Bishiya tana buƙatar makonni kafin itacenta ya ƙeƙashe ya shiga barcin hunturu. A ranar 11 ga Nuwamban 1940 wata guguwar ƙanƙara ta afka wa tsakiyar Amurka bayan kaka mai ɗumi, bishiyoyi ba su gama shiri ba, kuma gonakin tuffa na jihar Iowa suka yi asarar da ba su farfaɗo daga gare ta ba. Na uku, ana samun ɗumi a tsakiyar hunturu da ke narkar da dusa, sannan sanyi ya dawo? Ruwan da ya taru a gindi ya daskare yana kashe bishiya fiye da sanyi mai ɗorewa.

Ka kuma dubi filin da idonka. Iska mai sanyi tana da nauyi, gangarowa take ta taru a kwari. Tsakiyar gangare ya fi ƙasan kwari, ya kuma fi ƙololuwar tudu inda iska ke kwashe dusa.

Mataki na biyu: gwada ƙasa

Haƙa rami mai zurfin santimita 40, ka cika shi da ruwa, ka bar shi ya tsotse, ka sake cikawa. In washegari ka tarar da ruwa tsaye, ƙasarka mai riƙe ruwa ce, kuma ruɓewar gindi za ta zama abokiyar gabarka. Sai ka ɗaga kunya mai faɗi ka dasa a kai, ka kuma guji ire-iren da cutar ke kamawa. In ruwan ya ɓace nan da nan, rairayi ne ya yi yawa. Irin wannan ƙasa takan bushe da wuri, sanyi kuma yakan ratsa ta da zurfi, ga ƙarancin abinci, don haka gindin da ya fi gajarta zai tsumbure a cikinta. A rairayi ka zaɓi wanda ya ɗan fi ƙarfi da mataki ɗaya. Idan kuma a wurin an taɓa noman tuffa aka tumɓuke, ƙasar na iya ɗauke da cututtukan da ke hana sabon dashe girma, wannan ma zai shiga lissafi.

Mataki na uku: ka yarda da turke ko ba ka yarda ba

A nan mutane da yawa suke yaudarar kansu. Duk gindin da ke gajarta bishiya sosai yana buƙatar turke ko waya har ƙarshen rayuwarta, ba na shekara biyu kawai ba. Saiwarsa gaggautsa ce, kuma bishiyar tana ɗaukar 'ya'yan da suka fi ƙarfin jikinta. Tana kuma son ban ruwa a lokacin fari, tana son a share ciyawa a kewayenta. In ka san ba za ka iya wannan hidima ba, ka tsallake gajerun, ka nemi matsakaici wanda zai tsaya da ƙafarsa. Babu aibu a cikin hakan.

Mataki na huɗu: ka san ire-iren gindin da sunayensu

Sunayen haruffa ne da lambobi, kuma harafin yana nuna inda aka samo shi.

Masu harafin M daga tashar bincike ta East Malling suke, a yankin Kent na Ingila, inda Ronald Hatton ya tattara tsofaffin gindin Turai ya tantance su ya ba su lamba a farkon ƙarni na 20. M.9 shi ne sarkinsu, asalinsa daga Faransa, an tsince shi a 1879, kuma har yau shi ya fi yawa a manyan gonakin duniya. Yana ba da bishiya kamar kashi ɗaya cikin uku na cikakkiya, mai saurin haihuwa, 'ya'yanta manya, kuma yana jure ƙasa mai nauyi. Amma hunturun Kent ba hunturun Rasha ko Kanada ba ne. Juriyarsa ga sanyi matsakaiciya ce. A shiyya ta 5 mai dusa yana yi. Daga ta 4 zuwa ƙasa, ni ban ba ka shawarar ka dogara da shi ba. M.26, wanda aka fitar a 1959, ya ɗan fi girma, ya kuma fi M.9 ɗaukar sanyi, sai dai ruɓewar gindi na kama shi a ƙasa mai ruwa, cutar ƙunar reshe kuma, wadda ke baƙanta reshe tamkar wuta ta lashe shi, tana yi masa mummunan kamu. Yana da wani hali kuma: a ɓangaren gindin da ke sama da ƙasa yakan fitar da ƙullutu masu kaushi, tarin 'yan saiwoyi da suka so fitowa suka tsaya, kuma nan ne tsutsa mai huda itace ke samun ƙofa. M.27 ƙarami ne ƙwarai, bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, bai dace da wurin da damina gajeriya ce kuma sanyi mai tsanani ba. M.7 da MM.106 matsakaita ne da suka cika kasuwa, amma ka yi hattara da su. Saiwar M.7 tana cikin masu saurin jin sanyi, ga yawan fitar da toho daga ƙasa. MM.106 kuwa yana jinkirin shiga barci a kaka, sanyin farko yakan same shi bai shirya ba, kuma ruɓewar gindi ba ta raga masa.

Masu harafin B su ne na Budagovsky, masanin da ya yi aikinsa a Michurinsk ta Rasha, inda aka ƙirƙire su musamman don hunturun da na Ingila suka kasa ɗauka. B.9 shi ne wanda zan fara ambata wa duk mai son gajeriyar bishiya a shiyya ta 4. Girmansa kusan na M.9 ne, wani lokaci ya ɗan gaza, saiwarsa ta fi ɗaukar sanyi da 'yan digiri, kuma 'yan digirin nan su ne tsakanin rai da mutuwa a shekarar da dusa ta makara. Yana jure ruɓewar gindi, kuma bishiyoyin da suka girma a kansa a gona sun nuna juriya ga ƙunar reshe. Yana da sauƙin ganewa: ganyensa ja ne, in ka kankare ɓawon ma za ka ga ja-ja a itacen, don haka duk tohon da ya fito daga ƙasa da jan ganye ka san na gindi ne, ka cire. Rauninsa shi ne rashin kuzari. A ƙasa mara ƙarfi, ko a ƙarƙashin irin da ba ya girma da sauri, yakan tsaya cak. B.10 ya ɗan fi shi ƙarfi, shi ya sa ake komawa gare shi a irin wannan hali. B.118 ba gajere ba ne, yana kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cikakkiyar bishiya, amma yana tsayuwa ba turke, yana yi a rairayi, kuma yana cikin mafiya ƙarfi a gaban sanyi.

Masu harafin G daga Geneva suke, a jihar New York, aikin Jami'ar Cornell da James Cummins ya fara a 1968, daga baya Herb Aldwinckle ya shigo. Burinsu shi ne gindin da ƙunar reshe da ruɓewar gindi ba sa kashewa. Da yawa daga cikinsu sun gaji jinin Robusta 5 da Ottawa 3, dukansu 'yan Kanada, shi ya sa suke da juriyar sanyi. G.41 girman M.9 ne, yana jure ƙunar reshe da darɓa mai farin gashi da ke cin saiwa, kuma yana yi a ƙasar da aka taɓa noman tuffa. Aibinsa mahaɗar aure ce: a shekarun farko gaggautsa ce da wasu ire-ire, iska mai ƙarfi na iya ɓalle bishiyar daidai wurin haɗin, kamar an sa wuƙa. In ka zaɓe shi, ranar dashe ita ce ranar ɗauri. G.935 ya kai girman M.26, mai yawan haihuwa ne, mai ƙarfi a sanyi, amma ba ya shiri da reshen da ke ɗauke da ɓoyayyen bairos. Sai an tabbatar reshen saman tsarkakakke ne. G.969 da G.890 sun fi waɗannan girma, suna amfani ga ƙasa mai rauni.

Akwai kuma P.2 da P.22 daga Skierniewice ta Poland, waɗanda aka samu ta haɗa M.9 da Antonovka, wata tuffar Rasha, da V.1 daga Vineland ta Kanada, da shi kansa Ottawa 3. Duk masu juriya ne, sai dai samunsu a kasuwa ba kullum ba. Ottawa 3 musamman yana wahalar da masu raino domin ba ya saurin yin saiwa.

To idan kana shiyya ta 3 ko abin da ya fi ta sanyi, kuma dusa ba ta da tabbas fa? A nan gaskiya ita ce gajeren gindi kasada ne. Hanya biyu ta rage. Ko ka ɗauki B.118 ko gindin Antonovka na ƙwaya, ka riƙa rage tsawon bishiyar da datsa, ko ka nemi mai aure biyu. Mai aure biyu shi ne wanda aka sa saiwa mai ƙarfi a ƙasa, aka ɗora guntun B.9 mai tsawon santimita 15 zuwa 25 a tsakiya, sannan aka ɗora irin da ake so a sama. Saiwar tana nutsawa ta jure sanyi, guntun tsakiyan yana rage girman zuwa kusan rabi, kuma iya tsawon guntun iya gajartar bishiyar. Ya fi tsada domin yana cin ƙarin shekara a wurin raino, kuma yakan yi yawan toho daga ƙasa, amma a ganina shi ne mafita mafi hankali ga mai ƙaramin fili a wuri mai mugun sanyi.

Mataki na biyar: ka duba cutar da ke yankin

Ƙunar reshe cuta ce ta bakteriya da ke shiga ta fure a lokacin ɗumi da laima. Kan reshe yakan lanƙwashe ya yi baƙi tamkar wuta ta lashe shi, ganyen ya bushe bai faɗi ba. A babbar bishiya reshe kawai ake asara. A gajeriya kuwa cutar na gangarawa cikin jiki ta isa gindi, in gindin M.9 ne ko M.26, ta zagaye shi ta kashe bishiyar ɗungurungum. Idan maƙwabta masu tuffa suna kuka da ita, zaɓinka ya koma kan na Geneva ko B.9.

Mataki na shida: ka daidaita sama da ƙasa

Gindi mai juriya ba ya mai da irin da ba ya son sanyi ya zama jarumi. Dole saman ma ya dace da shiyyarka. Honeycrisp da Jami'ar Minnesota ta fitar a 1991, da Haralson na can, da Goodland na Manitoba, da Antonovka ta Rasha, duk an san su da ɗaukar sanyi. Sannan ka auna kuzari. Honeycrisp ba ta da saurin girma, in ka ɗora ta a kan B.9 a rairayi za ka sami 'yar tsumburarriyar bishiya da ba ta cika wurinta ba, B.10 ko G.969 sun fi dacewa da ita. Iri mai kuzari kuma shi ke son gindi mai riƙe shi. Kada ka manta yawancin tuffa ba ta haihuwa da garin furen kanta, sai ka dasa iri biyu da ke fure lokaci ɗaya.

Mataki na bakwai: wurin saye

Takardar da aka rataya wa dashe ta ce "gajere" kawai ba ta gaya maka komai ba. Tambayi lambar gindin. In mai sayarwa bai sani ba, ka wuce. Masu raino na gaskiya sukan rubuta sunan iri da lambar gindi tare. Yi odarka tun kaka ko farkon hunturu, domin masu kyau da wuri suke ƙarewa. Dashe mai shekara ɗaya ko biyu ya fi babba saurin kamawa. Murza mahaɗar da yatsa: ta kasance ta warke sumul, ba tsagewa. Saiwoyin su kasance da danshi, in ka kankare ka ga fari.

Mataki na takwas: dashe da kariya

A ƙasar sanyi ana dasawa ne da zarar ƙasa ta narke ta daina caɓi, ba a kaka ba. Kafa turken tukuna, mai tsawon mita 2 da rabi zuwa 3, ka nutsa santimita 60 a ƙasa, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Mahaɗar aure ta tsaya santimita 10 zuwa 15 sama da ƙasa, ka kuma ƙara kaɗan domin ƙasa za ta zauna. In mahaɗar ta nutse, saman zai yi saiwar kansa, gajartar ta tafi, bayan 'yan shekaru ka ga bishiya ta miƙe sama ba ka san dalili ba. (A wasu wurare masu matsanancin sanyi da gangan ake binne mahaɗar don saman ya yi saiwa ya tsira, wanda ya yi haka ya zaɓi rai a kan gajarta, kuma ya san abin da ya zaɓa.) Tazarar mita 2 ta isa tsakanin masu girman B.9 a lambun gida, mita 3 zuwa 4 ga masu girman G.935. Ɗaura da abu mai laushi, ka bar sarari don kauri.

Cire furen shekarar farko duka, ko da zuciyarka ba ta so. Gajeriyar bishiya in ta ɗauki 'ya'ya da wuri takan daina girma, kuma wadda ta sha nauyin 'ya'ya takan shiga hunturu a gajiye. Kada ka sa taki mai sa ganye bayan tsakiyar lokacin zafi, domin sabon toho ba zai ƙeƙashe kafin sanyi ba. Kafin ƙasa ta daskare, ba ta ruwa sosai. Ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe ɗumi. Shimfiɗa ɓarɓashin itace mai kaurin santimita 8 zuwa 10 a kan saiwoyin, amma ka bar tazarar tafin hannu daga jikin bishiyar.

Ɓerayen daji suna bin ƙarƙashin dusa su gwaguye ɓawon gindi su zagaye shi, zomaye kuma su ci daga sama. Naɗa ragar waya mai ƙananan idanu, kamar milimita 6, ka nutsa bakinta santimita 5 a ƙasa, tsawonta ya wuce inda dusa ke kaiwa. Shafa wa jikin bishiyar farin fenti na ruwa da aka sirka rabi da rabi, ban da na mai. Ranar hunturu takan ɗumama ɓawon ɓangaren kudu maso yamma, dare ya yi ya daskare kwatsam ya tsage. Farin fenti ke hana wannan. In dusa ta sauka kaɗan, tara ta da shebur a kan saiwoyin. Wanda ya sa tasa a tukunya kuwa ya sani saiwar tana fuskantar sanyin iska kai tsaye, sai ya binne tukunyar a ƙasa ko ya shigar da ita ɗaki mara ɗumi wanda ba ya sauka can ƙasa da sifili.

Idan sanyi ya fita, kada fitowar ganye ta ruɗe ka. Bishiyar da saiwarta ta mutu tana iya toho har ta yi fure da abincin da ke ajiye a rassa, sai zafi ya fara ta yanƙwane gaba ɗaya. Tona ƙasa kaɗan a gindi, ka kankare ɓawon ƙasa da mahaɗa da farce ko bakin wuƙa. Fari ko kore-kore mai danshi alamar lafiya ce. Ruwan ƙasa mai duhu yana nufin sanyi ya taɓa. In gefe ɗaya ne kawai, cire 'ya'yan wannan shekara duka, ka rage rassa kaɗan, ka kula da ban ruwa, sau da yawa takan farfaɗo. In ya zagaye gindin, yanki lafiyayyen reshe tun bai bushe ba ka yi masa aure a kan gindin da ya fi wannan juriya, ka kuma rubuta lambar wanda ya mutu da yadda dusar shekarar ta kasance, don oda ta gaba.